Daliyar Eulalia

Crescencia ta sa almakashi ta datse wani furen, ta jefa shi cikin bokiti a kan 'yan'uwansa. Shi ma fumfuna ta cinye masa ciki. Daga waje ja wur kamar lafiyayye, amma da ta buɗe shi da yatsa sai ga toka-toka, ga wari irin na rigar da ta kwana a jiƙe.

Tun farkon Yuli ruwa bai ɗaga mana ƙafa ba a Xochimilco. Gonarta, da ke tsakiyar hanyoyin ruwa kamar ta kowa a nan, ta koma taɓo, har takalmin roba yake ƙwacewa daga ƙafar mutum. Ta fesa magani, ruwa ya wanke. Ta fesa ruwan tafarnuwa irin na tsofaffi, shi ma ya bi ruwa. Ta rage ganye don iska ta ratsa, sai dodon koɗi ya samu hanya. Abin ya ishe ta, har ta kai ga tana zagin sama a fili.

Gobe ne gasar furen daliya, kuma ba kofi take nema ba. Shekaru ta yi tana haɗa iri kafin ta samu wannan, ja mai duhu da farin baki. Ƙa'idar gasar ita ce duk wanda ya kawo sabon iri, lafiyayye, a kan dogon kara, shi zai raɗa masa suna. Sunan uwarta take so ta sa, Eulalia. Tsohuwar ta daina zuwa gona tun bara, ƙafafu sun ƙi, numfashi sama-sama. Da aka tambayi likita batun baɗi, sai ya hau goge tabarau.

Fure ɗaya tak ya rage. Ta kafa masa sanda ta ɗaura lema a kai, tana so ya ƙarasa buɗewa ta yanke shi gobe da sassafe.

Da rana mijinta Fidencio ya iso a kwalekwale, da kwanon wake da wainar masara, da wani dogon ƙunshi a leda.

"Uwargida, saura nawa?"

"Ɗaya. Kada ka matso, kai ko inuwarka ɓarna take yi."

"Ni da na sadaukar da lemata? Dubi sanƙona, har ya fara tsiro."

Ba ta yi dariya ba. "Mene ne wancan a leda?"

"Ba komai."

"Fidencio."

"Ragowar rokokin wasan wuta na bikin coci ne," ya ce, yana kallon gefe.

Ta bi idonsa. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, baƙi ƙirin, cikinsa fari-fari. Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan launin, ƙanƙara ce. Kuma tun zamanin kakanni abin da ake yi ɗaya ne: a harba mata rokar wasan wuta mai dogon kara, ƙarar ta tarwatsa ta kafin ta sauko. Wasu sun yarda, wasu suna dariya, amma ba ka rasa mai harbawa.

"Ba a gonata ba," in ji Crescencia. "Ka ji ni ko?"

"Na ji."

Ta tsaya tana lissafi. In ta yanke furen yanzu, bai gama buɗewa ba, alƙalai ko kallonsa ba za su yi ba. In ta bar shi, ƙanƙara za ta yi kaca-kaca da lemar. Sai ta tuna da wani fallen kwanon rufi a rumfar kayan aiki, ta nufi can tana zamewa a laka.

Tana cikin janyo kwanon ta ji fuuu, sai daram a sama. Kafin ta juyo, wata ta tashi, wata ta bi ta. Ta saki kwanon ta taho tana kiran sunansa. Iska ta riga ta karkatar da lemar gefe. A kan idonta karan roka ya sauko daga sama, baƙi, yana hayaƙi, ya sauka daidai wuyan furen.

Ta durƙusa. Kan furen yana lilo, 'yar fata kawai ta riƙe shi. Babu tabo ko ɗaya a jikinsa, babu fumfuna. Shi ne mafi kyau da ta taɓa shukawa.

Hadarin kuwa ya karkata ya yi gabas. Ko ɗigo bai sauko ba, har rana ta leƙo. Wani maƙwabci ya ɗaga hula daga tsallaken ruwa. "Don Fidencio, hannunka da kyau!"

"Wata guda ina faɗa da ruwa, ina faɗa da cuta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ashe kai ne ajalinsa. Ban ce maka kada ka harba ba?"

Ya ce, "Ko a ɗaure shi da waya?"

"Alƙalan makafi ne?"

Ta juye waken a ruwa don haushi, ta ɗauraye kwanon, ta sa furen a ciki ta rufe da tsumma. Suka kama hanyar gida, yana tuƙa kwalekwalen da sanda. Ranta a ɓace yake, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda ya ƙi kare kansa.

Doña Eulalia tana kujerarta a bakin taga, lulluɓe da mayafi. Fuskarta a sake, rabon da a ga haka an daɗe.

"Na jiyo ƙarar daga nan," ta ce. "Kai, surukina, ka iya harbi."

Crescencia ta tsaya cak. "Kin san da maganar, Mama?"

"Ni na sa shi mana. Ya ce za ki cinye shi ɗanye, na ce ni na haife ki, ya je ya harba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Tun safe gwiwata take gaya min ƙanƙara na tafe. Ina zaune a nan ba abin da nake tsinana miki, na ce ko wannan dai in yi. Kin gani, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Furen nawa lafiya?"

Crescencia ta waiwaya. Fidencio yana bakin ƙofa riƙe da kwanon, idonsa a kan takalminsa. Ta matsa kaɗan, ta tsaya tsakaninsa da tsohuwar.

"Lafiya lau, Mama."

"Madalla. To goge min shuɗiyar rigata. Gobe da ni za a je, ko a ɗauke ni a kujera, in ji da kunnena an kira sunan."

Crescencia ta buɗe akwati ta ciro rigar, ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta jona dutsen guga.