Minti Goma Sha Bakwai

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ina roƙon duk wanda ya ji shi kada ya kai wa Yaya Sagir.

Yaya Sagir shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon fim a makaranta. Mu tara ne, duk Asabar muna haɗuwa a gindin darbejiyar bayan laburare. Ni ce sabuwa. Na shiga ne don na ga kowa a cikinsu yana da gilashi, ni ma kuwa ina da nawa. Dokarsu ita ce a ba sabon shiga fim ya kalla, ya zo ya yi bayani a gaban kowa. In bayanin bai gamsar ba, a sallame shi cikin ladabi. Ni kuwa tun da na zo makarantar nan, su ne mutanen farko da suka matsa mini na zauna.

Fim ɗin da aka ba ni sabo ne, amma baƙi da fari, awa uku, daga wata ƙasa mai sanyi. Wata mata ce a tsaye bakin taga tana kallon ruwan sama. Na kai minti goma sha bakwai, na dakatar da shi don in sha ruwa. Kwana tara ke nan. A cikin kwanakin nan na kalli fim ɗin telan da ya ɗinka wa ango wando mai ƙafa uku har sau huɗu.

To, a mafarkin sai ga ni a ƙofar wani gidan kallo da rana tsaka. Agwagwa ce ke tsaron ƙofar, ta yafa mayafi.

"Nuna mini fuskar tunani," in ji ta.

Na tallabe haɓa, na ɗaga ido sama.

"Ta mai ciwon haƙori ce wannan. Amma shiga, ba kowa yau."

Ciki kuwa cike yake maƙil. A gidan kallon nan mutanen cikin fim ne ke zama a benci suna ɓare gyaɗa, su kalli masu kallo. Da na duba allon, ɗakina na gani, da katifata, da ni kaina a kwance baki buɗe. Ban taɓa sanin haka nake barci ba.

Na ce, "Sannunku."

Sai wata murya ta faɗo daga rufin kwano, irin ta masu fassara fim, mutum ɗaya ya yi maganar kowa har da ta doki. "Jarumar tamu ta ce sannunku! Amma abin da take nufi shi ne, wayyo Allah, ina ƙofar fita?"

"Ai Hausa na yi," na ce wa rufin. "Ba na bukatar fassara."

"Ta ce ba ta bukata! Kai jama'a, ku dubi gwiwarta yadda take rawa!"

Na gyara gilashina, na ce wa jama'ar ni dai gaskiya na fi son fim mai zurfi, wanda zai bar mutum da tambayoyi.

"Sau huɗu!" in ji mai fassara. "Na huɗun ma a cikin bargo, ta toshe baki da filo!"

Can baya sai wani ya miƙe da tef ɗin awo a wuya, yana ɗaga mini hannu. Telan ne. "Ƙanwata! Ke ce? Zo ki zauna nan, na ajiye miki wuri!"

Na kau da kai kamar ban san shi ba. Ya sauke hannunsa a hankali, ya koma ya zauna, ya naɗe ƙafar wandon ta uku a kan cinya. Wallahi har yanzu abin yana damuna.

Sai kawai na ga ba kala a jikina. Ina cikin wani ɗaki mai sanyi, atamfata ta koma ruwan toka. A waje ruwan sama ya tsaya cak a iska, ɗigo-ɗigo, bai sauka ba bai koma ba. Matar tana bakin taga, ƙafa ɗaya a sama.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ke ce mai shan ruwa?"

"Ni ce, Anti."

"Kwana tara ina tsaye da ƙafa ɗaya. Rijiyar kika tsaya haƙawa?"

Na ba ta haƙuri, na jawo mata kujera. Ta ce ba dama, sai an danna fim ɗin ya ci gaba. Na laluba ko'ina ban ga abin dannawa ba, sai na danna mata kafaɗa. Ta zauna, ta yi ajiyar zuciya, ruwan ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da baho.

Na ciro takardar da na shirya. "Anti, na rubuta cewa tagar nan alama ce ta kaɗaicin ɗan Adam. Daidai ne?"

"Shanya na yi, 'yar nan. Zannuwana nake dubawa."

Na soke layin. Shi kaɗai ne dama a takardar.

"To don girman Allah, yaya fim ɗin ya ƙare? Yau za a tambaye ni. In ban sani ba za su cire ni."

"Ina zan sani? Ba a taɓa kai mu can ba. Wanda ya fi kowa nisa wani mai gyaran waya ne, minti arba'in, shi ma barci ne ya kwashe shi ya bar mu muna ta tafiya har cajin wayar ya ƙare. An ce akwai mijina a gaba. Ban taɓa ganinsa ba."

"Yaya Sagir fa? Ya ce ƙarshen ya sa shi kwana uku bai ci abinci ba."

"Dogon nan mai gyaran murya? Minti tara. Ko tagar ban ƙarasa ba."

Sai ga ni a gindin darbejiya. 'Yan ƙungiya suna zaune a kan rassa kamar balbelu, kowa da littafi a hannu. Yaya Sagir yana reshen sama. Duk kalma mai nauyi da ya faɗa, sai gilashinsa ya ƙara kauri.

"Muna saurare, Malama Juwairiyya."

Na ɗaga kai ina jiran mai fassara ya tona ni in huta. Shiru. Agwagwar ta leƙo ta bayan bishiya ta ce ya tafi salla.

Ba wanda zai faɗa sai ni.

"Ban gama ba," na ce. "A minti goma sha bakwai na tsaya. Fim ɗin tela na kalla, sau huɗu, na yi dariya har na ƙware. Kuma ɗazu na gan shi na ƙi gaishe shi."

Wani littafi ya faɗo daga reshe. Ba wanda ya sauko ɗauka.

"Yaya Sagir, tunda kai ka gama, taimaka mini. Yaya ya ƙare?"

Ya cire gilashinsa don ya goge. Akwai wani a ƙarƙashi. Ya cire wannan ma, ga wani. Ya yi gyaran murya, duk rassa suka karkato suna jira, ya buɗe baki.

Ƙar. Ƙar. Ƙarrr.

Na buɗe ido. Umma ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwo da cokali.

"Juwairiyya! Rana ta fito. Ba yau ne taron naku na masu gilashi ba?"

"Yau ne, Umma."

"Kin dai gama kallon abin?"

"A'a," na ce, ina laluben gilashina. "Amma ina da tambaya."