Tsohon Sunan Inna Mai Guga

Akawun kotun bai ko ɗago kai ba. Da yatsa ɗaya ya turo takardar ta ƙarƙashin gilashin taga, ya ce ba irin tasu ba ce, su suna da fom ɗinsu.

Lauya ta sake tura masa. Kwana biyu ta yi tana tsara wannan takardar rantsuwa, ta buga ta da hannunta a shagon kwamfutar da take aiki, babu waƙafi ɗaya da ya zauna inda bai dace ba. Ta gaya masa haka, har ta kawo masa sashen dokar da take ganin ya ba ta gaskiya. Sai a lokacin ya dube ta, tun daga tabaraunta har takalminta da ya sha ɗinki.

"Yarinya, in karatu kika zo koya mana, makaranta na tsallaken titi."

Kalmar yarinya ce ta tsaya mata a wuya. Shekara huɗu ke nan da ta gama karatun shari'a, ta zaga ofisoshi har dugaduganta suka tsage, ba ta samu kujera ko'ina ba sai ta buga wa mutane takardu a bakin titi. 'Yan gidan hayarsu suka laƙa mata Lauya don tsiya, ita kuwa ta karɓe sunan, ta riƙa amsawa da ƙarfi har masu tsokanar suka gaji. Ta haɗiye abubuwa da yawa a shekarun nan. Raini daga bayan taga ne ba ta koyi haɗiyewa ba.

A kan bencin da ke bayanta Inna Mai Guga na zaune, maƙwabciyar ɗakinsu, ta jingina kai da bango. Cikinta ya kumbura, sauran jikin ya zube. Mako uku da suka wuce likita ya sallamo ta gida, ya ce a ba ta duk abin da ranta ke so. Ɗanta, direban babbar mota, ya zaci nama za ta nema. Ita kuwa sai ta aika a kira mata Lauya, ta ce sunanta take so.

Ranar ne Lauya ta ji abin da ba wanda ya sani a gidan. Sunan da ke katin shaidar Inna ba nata ba ne, na yayarta ne. Yayar ce ta yi makaranta, ita aka ɗauka aiki a ɗakin wanki na asibiti, zazzaɓi ya kashe ta saura kwana biyar ta fara. Babansu ya miƙa wa ƙanwar takardun ya ce ta je, gida na bukatar abinci, kuma kamanninsu ɗaya. Ranar farko da aka kira sunan a layin ma'aikata sai da ta waiga tana neman yayarta. Daga nan ta amsa shi shekara talatin da shida. Da shi aka ɗaura mata aure, shi ke kan takardar haihuwar ɗanta. Iyaye suka mutu, ƙannai suka watse, ba a bar mutum ɗaya da ke kiranta da nata ba.

"Yayata ta mutu sau ɗaya, ya ishe ta," in ji Inna. "In aka rubuta sunanta a takardar mutuwata, ta mutu sau biyu ke nan, ni kuma ban taɓa zuwa duniyar ba."

Sannan ta faɗi nata sunan, a hankali, kamar mai fito da zane daga ƙasan akwati. Lauya ta rubuta, ta yi alkawari, ta ce wannan ai aikin wuni ɗaya ne.

Yanzu ga wunin yana neman ƙarewa a bakin taga. Lauya ta ce wa Inna ta zauna kada ta motsa, za ta hau sama wajen magatakarda ta kai ƙarar wannan mutumin. Inna ta kama gefen mayafinta ta ce, 'yar nan, a karɓi fom ɗin nasu mana. Lauya ta zare mayafin. Ta ce in aka bar irinsu yau, gobe a kan mutane za su taka.

Magatakarda na cikin taro. Ta jira a tsaye kusan awa ɗaya, ta ƙi kujerar da masinja ya nuna mata, daga ƙarshe aka ce ya fita ta ɗaya ƙofar. Da ta sauko ta tarar da Inna tana goge babban yatsanta da gefen zane, tawada shuɗiya ta shiga tsagun fata.

Ashe akawun ya ga tsohuwa na neman kifewa daga benci, ya kira ta, ya karɓi katinta, ya cika fom ɗin da kansa. Tambaya biyu kawai ya yi mata, ta amsa, aka shiga da ita ciki, wani mai baƙar riga ya karanta abu da Turanci, ta ɗaga hannu, ta dangwala. An ce a dawo bayan mako biyu, in an buga sanarwa a jarida an sa hatimi.

"Ashe yaron kirki ne," in ji Inna. "Bakinsa ne kawai babu sitaci."

Lauya ba ta koma tagar ta ce a nuna mata abin da aka rubuta ba. Komawa na nufin ta ce masa don Allah. Ta kama hannun Inna suka fita neman mota.

Mako biyun nan Inna ta yi su ne da taurin kai. Ta daina cin abinci sai ruwan shayi, cokali uku, huɗu. Dutsen gugarta na kan teburin da ta yi shekaru tana karɓar kayan unguwa bayan ta bar asibiti, igiyarsa a naɗe, bargon da take shimfiɗawa ya ƙone a wuri biyu. Kullum da hantsi, kafin Lauya ta fita shago, sai Inna ta tambaye ta saura kwana nawa. Direba ya dawo daga tafiya ya ji labari, ya tsare Lauya a bakin famfo. Ya ce ita ce ta zuga tsohuwa, yanzu so take duniya ta ji uwarsa ta yi aikin asibiti da takardun matacciya, shi kuma a ce sunan da ke takardunsa na ƙarya ne. Lauya ta ce masa uwarsa ce ta nema, kuma ba a tambayi direba ba. Bai sake gaishe ta ba.

Ranar karɓa Lauya ta je da wuri. Akawun ya miƙo ambulan ba tare da ya gane ta ba. A kan matakalar kotun ta buɗe, rana na dukan takardar, ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa.

A layin tsohon suna, sunan Inna na gaskiya ne. A layin sabon suna, na yayar ne, da manyan baƙaƙe. A ƙasa an rubuta cewa mai rantsuwa ta bar tsohon sunanta har abada, ba za a sake kiranta da shi ba a kowace takarda.

Nan take ta gane yadda aka yi. Ya tambayi tsohuwa tsohon sunanta, ta ba shi wanda uwarta ta fara kiranta da shi, don shi ne tsoho. Ya tambaye ta sabo, ta ba shi wanda ta ɗauka daga baya. Ya dubi kati ya ga ya yi daidai. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Wadda ta san abin da kalmomin nan biyu ke nufi a bakin kotu tana sama a lokacin, a tsaye, tana ƙin kujera.

Ta koma tagar da takardar a dunƙule cikin hannu. Wannan karon ta ce don Allah. Akawun ya saurare ta, har ya ɗan ja tsaki na tausayi, ya ce abin da aka sa wa hatimi ya zauna. Sai dai a shigar da sabuwar buƙata, mai sunan ta zo da ƙafarta ta sake rantsuwa, a sake jarida, a sake mako biyu. Ta ce matar ba ta iya tashi zaune. Ya ce to a rubuto wa magatakarda a nemi a tura mai rantsarwa gida, amma shi bai taɓa ganin an tura ba.

Da la'asar ta shiga ɗakin. Labule a sauke, warin magani da na tsohon sitaci. Inna ta ga ambulan ɗin tun daga ƙofa, ta yunƙura, Lauya ta tallafe ta da filo.

"Wa ya cukuikuye min takarda haka? Jona dutsen nan."

Lauya ta jona. Inna ta sa ta rage zafi, ta ɗora farin ƙyalle a kai, ta bi a hankali daga tsakiya zuwa gefe, kada hatimin ya narke. Da takardar ta miƙe sumul tana ɗumi, Inna ta ce a karanta mata, da Hausa.

Lauya ta karanta. Muryarta ba ta yi rawa ba, don ta saba karanta wa mutane takardunsu a shago. Inda aka sa sunan Inna ta faɗi na yayar, inda aka sa na yayar ta faɗi na Inna. Ta ce kotu ta tabbatar, daga yau wannan ne sunanta.

Inna ta lumshe ido ta ce a maimaita wurin. Aka maimaita. Sai ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta kawo ta kusa da fuska. Ba ta iya karatu ba, amma akwai kalma ɗaya da ta yi shekara talatin da shida tana gani a kati, a rajistar shiga aiki, a aljihun rigar ma'aikata. Ta san tsayinta da ƙugiyoyinta kamar yadda ta san fuskar ɗanta. Yatsanta ya tafi kai tsaye ya sauka a kan manyan baƙaƙen.

"Wannan na Yaya ne."

"Shi ne."

"Shi suka rubuta da manya."

"Haka suke yi wa wanda za a soke, Inna."

Inna ta daɗe tana kallonta. Lauya ta tsayar da ido, kamar yadda ta saba tsayarwa a gaban masu ɗaukar aiki, har sai da idon ya fara yaji.

"Kin fara iya guga, 'yar nan," in ji Inna. "To nuna min nawa."

Lauya ta ɗora yatsa a kan layin sama, ƙananan baƙaƙe, inda tawadar injin bugawa ma ta ɗan dushe. Inna ta bi su da farce ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ashe gajere ne a rubuce. Ta tura takardar ƙarƙashin filo, ta juya fuska bango.

Washegari Lauya ba ta je shago ba. Ta rubuta wa magatakarda wasiƙa, ta cire duk wani sashen doka, ta bar roƙo zalla. Ta zauna a kujerar da masinja ya nuna mata. Ranar farko aka ce yana taro. Rana ta biyu ya karɓa ya ce zai duba. Rana ta uku tana zaune wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce, ta ce ta taho gida.

Direba ne ya je karɓo takardar mutuwa. Ya miƙa katin uwarsa, aka kwafe abin da ke kai. Da maza suka taru a ƙofar gida, sunan da ke katin aka ambata aka yi wa addu'a, Lauya na jiyowa ta taga. A tsakar gida mata sun cika tabarmi, ana ta yabon marigayiya: ba ta taɓa ƙona rigar kowa ba, ba ta taɓa mayar da kaya da maɓalli a karye ba. Lauya ta miƙe a tsakiyarsu, ta ce Allah ya jiƙan wance, ta faɗi sunan Inna na gaskiya da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

Matar mai gidan haya ta ce amin, sannan ta karkato ta tambayi ta kusa da ita ko wata ce kuma ta rasu. Mahaifiyar Lauya ta ja ta ta zaunar, ta ce mata a kunne yau ba ranar nuna boko ba ce.

Bayan kwana uku Direba ya ce zai mayar da makullin ɗaki, a zo a taya shi kwashe kaya. Bai dubi Lauya ba, amma da ta shiga bai hana ta ba. Ya ɗauki akwati ya fita, ya bar ta da gado. Ta yaye zanen, ta ɗaga filo.

Takardar na nan, amma ba yadda ta bar ta ba. An naɗe ta irin naɗin da Inna ke yi wa riga mai tabon da ya ƙi fita, gefe ya shiga ciki, ƙasa ya hau sama, kowane kari an danne shi da farce har ya yi kaifi. Hatimin ya koma ciki, manyan baƙaƙen sun koma ciki, har kalmomi biyun da ke gaban layin, tsohon suna, an lanƙwashe su baya. Abin da ya rage a fili bai fi faɗin yatsa biyu ba, layi ɗaya, ƙananan baƙaƙe da suka ɗan dushe.

Daga waje Direba ya tambaya ko akwai sauran abin ɗauka. Lauya ta ce babu. Ta zauna a bakin gadon da ba shimfiɗa, takardar a tafin hannunta, ba ta warware ta ba.