Minti Goma Sha Ɗaya na Baba

Kwamfutar cinyar Baba minti goma sha ɗaya take yi kafin ta farka. Ba ƙari na yi ba, mun sha aunawa da agogo. Ka danna maɓalli, ta yi gurnani, fankarta ta hau huci, wani ɗan zobe ya yi ta zagaye a tsakiyar allo kamar akuya a turke.

Baba mutum ne da magana ke yi wa tsada. Shekara talatin yana buga wa mutane takardu, har kalmomin wasu suka cinye nasa. Amma kullum da safe in ya danna maɓallin nan, ba shi da aiki sai jira, to a nan bakinsa ke buɗewa. Mama ta ajiye shayi a gefen tebur, ta jawo kujerar robar nan da aka ɗaure ƙafarta da waya, shi kuma ya ba ta labarin mafarkinsa da ciwon gwiwarsa da wanda ya ɓata masa rai jiya. Allo na kawo haske zai yi gum, ya gyara tabarau. Iyakar hirarsu ke nan a yini.

Bayan rasuwarsa Mama ba ta fasa ba. Ta danna, ta zauna, ta sha shayinta, haske ya zo ta kashe. Ba ta san amfanin sauran maɓallan ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, shayin ya huce a kofi. Da aka kwana uku a haka na sa ta a jaka na kai wa Injiniya, mai gyaran da ke da shago a ƙarƙashin matakalar bene, inda mutum biyu ba sa tsayuwa sai ɗaya ya riƙe numfashi. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙura, ya ce faifan ya mutu ya tafi da babbar manhajar da ke tuƙa komai, kuma irin wadda Baba ya sa an daina yin ta. Faifai zai sa sabo, manhaja kuwa sai dai in zaɓi wata. Guda uku gare shi a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, rataye a wuyansa: mai nauyi, matsakaiciya, da wata mara nauyi da ya ce ita ce gatan tsofaffin kwamfutoci. Ni uwar iyawa, na zaɓi mara nauyin, na dawo gida ina jiran a sa mini albarka.

Da safe Mama ta danna maɓalli, ta juya za ta jawo kujera. Kafin ta juyo allo ya haska tas. Ta tsaya da kofi a hannu tana kallonsa.

"Ko zama ban yi ba," ta ce.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muka koma shagon mu uku: ni da Mama da Kawu, ƙanenta, tsohon alƙalin wasan ƙwallo wanda har yau ba ya rabuwa da usur da agogon auna gudu. Da Injiniya ya fahimci abin da muke so, ransa ya ɓaci. Ya ce shekara ashirin yana sa kwamfuta sauri, ba wanda ya taɓa zuwa neman nawa, wannan daidai yake da a je wurin likita a ce ya rubuta tari.

"Ɗana," Mama ta ce wa Injiniya, "ni ba sauri na zo nema ba. Minti goma sha ɗaya nake so, kamar yadda babansu ya bar ta."

Ya sa matsakaiciyar. Kawu ya danna agogo, ya busa usur a minti uku. Mama ta girgiza kai. Ya sa mai nauyin, wadda da farko ya rantse za ta karya wa kwamfutar baya, ta yi bakwai da daƙiƙa arba'in. A nan abin ya shiga ran Injiniya, ya naɗe hannun riga. Ya zare rabin ƙwaƙwalwar kwamfutar ya jefa a aljihu. Ya loda mata manhajojin kashe ƙwayar cuta har uku, don kowace ta tsaya binciken 'yar'uwarta. Sannan ya tambaya ko an share shagon tun jiya, aka ce a'a, ya tattaro ƙurar da ya hure, ya mayar cikin fanka da cokalin shayi. Masu sayar da waya na maƙwabta suka rufe shaguna suka zo kallo, kowa da shawararsa.

Gwaji na gaba ya kai minti arba'in da huɗu. Kawu ya nemi a ba da hutun rabin lokaci, aka hana shi. Mama ta zauna daram har allo ya haska, sannan ta ce babansu bai taɓa samun maganar da ta kai haka ba, wannan mijin wata ne. Injiniya ya cire mai kashe ƙwayar cuta ɗaya, ya ɗebe ƙura kaɗan, Kawu ya busa a minti goma sha uku cif. Injiniya ya roƙi a bar masa ita zuwa gobe, ya ce saura rabin cokali ya daidaita ta. Mama ta ce ta gaji, ta rungumi kayanta muka tafi.

Washegari na laɓe a bakin ƙofa da agogon Kawu, da niyyar in ta yi ƙorafi in mayar. Ta danna, ta jawo kujera, ta zauna. Zobe na zagaye, tana kurɓar shayi, wani lokaci ta gyaɗa kai. Minti goma sha ɗaya suka cika, allo bai haska ba. Na ga ta ɗago ta dube shi, ta ɗan jira. Sai ta ajiye kofin, ta gyara zama.

"Ka gama?" ta ce a hankali. "To saurara, yau ni ma ina da magana."

Na sa agogon a aljihu, na jawo musu ƙofa.