Barandar Nata'ala

Maharazu ba ya mantuwa, wannan shi ne ɗan aibinsa, kuma ya sani. Ya karanta zanen gidaje a Zariya, amma tun da ya zo London a 1983 bai zana wa council, wato ƙaramar hukumar da yake wa aiki, komai ba sai banɗaki. Ran sunan ɗansa, maƙwabcinsa Nata'ala, da suke katanga ɗaya a unguwar Barking, ya gabatar da shi ga baƙi da cewa, "Ga Injiniyan Masai." Aka yi dariya. Maharazu ma ya yi, ya adana.

Shekaru suka shuɗe, Nata'ala ya tashi ƙara gini a bayan gidansa, ya zo neman zane kyauta.

"Injiniya, abin da babu irinsa a layin nan nake so."

"Sai na Ostareliya," in ji Maharazu.

Ya zaunar da shi, ya ba shi tarihi. Turawan farko sun je can da irin gidajen Ingila marasa inuwa, rana ta gasa su. Suka aro baranda daga Indiya, suka rufa kwano, a Queensland har suka ɗora gida kan ƙafafun katako don iska ta ratsa.

"Ka ga ci gaba ke nan, Alhaji."

Abin da bai faɗa ba shi ne, duk tarihin nan gudun rana ne, alhali a Barking sai an yi sa'a ake ganinta. Ya zana baranda mai zurfi da za ta toshe hasken falo, da rufin kwano marar silin. Ya koma gida yana jiran damina, wadda a London ba ta da nisa.

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar, kwano ya ɗauki ƙara kamar ana sheƙa tsakuwa. Maharazu ya leƙa ta katanga don ya yi jaje. Ya tarar da Nata'ala kishingiɗe a tabarma cikin bargo, ido rufe.

"Injiniya, saurara. Wallahi Funtuwa. Rabona da barci irin wannan tun ina gaban Inna."

Kafin shekara ta juyo, 'yan Arewa daga Stratford har Camberwell suna hawan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, su zo shan shayi da jin ruwa. Wasu har booking suke yi.

Ruwan da ke gangarowa daga kwanon kuwa, a ƙofar kicin ɗin Maharazu yake zuba. Shi ya zana indararon.