Shafuka Biyar na Ɗan Kwangila

Ɗan kwangila ya iso wurin gini da hantsi, ya tarar kwaɓin siminti yana bushewa a ƙasa, leburori huɗu kuma suna rawa da shebur a kafaɗa. Ƙaninsa, wanda suke da kamfanin gini tare, shi ne riƙe da waya yana ɗaukarsu.

"Wannan wane irin shashanci ne?" ya daka tsawa.

"Yaya, talla ce. Bidiyon ranar Talata mutum dubu tara suka kalla."

"A cikin dubu taran, wa ya ce a zo a yi masa ko da katanga?"

Shafuka biyar ƙanin ya buɗe wa kamfanin a kafafen sada zumunta, kowanne da tasa hidimar.

"Daga shagon kwanon rufi nake," in ji yayan, jijiyar wuyansa a tashe. "Na haɗu da mai makarantar bayan kasuwa. Sau uku ta turo saƙo a shafinmu na hotuna, tana son a gina mata azuzuwa shida. Ba wanda ya buɗe! Ta ba wani aikin. A gaban mutane take tambayata ko mun daina aiki ne."

"Wallahi ban gani ba, Yaya. Sun yi mini yawa."

"To rage su! Bar inda masu son gini ke duba aikinmu, da inda suke mana magana. Sauran ukun, goge su ina tsaye."

Ƙanin ya goge, fuska a murtuke. Leburori suka koma kwaɓa sabon siminti, ba mai kallon wani.