Gyaran Da Na Yi Wa Babi Na Tara

Shekara biyu Baba yana ba da tarihin rayuwarsa muna bugawa. Idonsa ya yi rauni, saboda haka daga kujera yake faɗa, yau ni in buga, gobe ƙanwata Auta, kowa a kwamfutarsa, muna tura wa juna. Daga ƙarshe muka tashi da folda biyu, kowace da nata gyare-gyaren.

Ni lissafina, wa zai zauna ya karanta shafi ɗari biyu har sau biyu? Ashe Auta, uwar iyayi, tana da wata manhaja da suke kwatanta fayiloli da ita a ofis.

Ranar Asabar da hantsi ta girke kwamfuta a teburin falo.

"Baba, nawa na hagu, na Yaya na dama. Abin da aka cire zai fito da ja, abin da aka ƙara da kore. Kai za ka zaɓa, ni in haɗe."



Babi takwas muka wuce lafiya lau, daga waƙafi sai sunan wani direba da na rubuta ba daidai ba. Baba har tsokanata yake, wai digirina na ado ne. Ina dariyar yaƙe, gumi na bin bayana, ga fanka na juyawa.

Sai babi na tara, labarin aikin da aka yi masa a asibiti. Auta ta tsaya cak. Ta kalle ni, ta mayar da ido kan allo.

"Me ya faru?" in ji Baba.

"Ɗan bambanci ne, bari in wuce."

"Karanta."

Muryarta ƙasa-ƙasa ta karanta jan: "Kwana goma sha tara na yi a kwance. Babban ɗana bai zo ba, ya ce aiki ya riƙe shi." Sannan koren: "Babban ɗana bai bar gefen gadona ba."

Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ni na buga wannan babin, na tura mata, bayan mako guda na koma na canza nawa, don kada wata rana 'ya'yana su karanta. Kuma ba aiki ba ne ya hana ni zuwa. Fushi nake da shi a lokacin, kan wata magana da yanzu ko tuna ta ba na son yi.

"Baba, ƙarya ce," na ce. "Ni na sa."

"Na sani. Ai ni na kwanta a gadon."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Wanne zan ɗauka?" Auta ta tambaya, hannunta a kan linzamin kwamfutar.

"Ɗauki nasa," ya ce. "Kullum aka turo ƙofar ɗakin asibitin nan, abin da nake fata ke nan."