Kazar Mama Janet

Ranar da na sauka Kaduna daga Damagaram cikin shirin musayar ɗalibai, matar ofis ta ce mini ɗakunan kwanan makaranta sun cika. Amma wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Mama Janet, ta yarda ta riƙe ni a gidanta da ke Unguwar Boro. Matar ofis ɗin ta miƙo mini fom, ta ce bayan sati biyu Mama Janet za ta sa hannu idan zama ya yi daɗi. Idan ba ta sa ba, babu wani ɗaki, sai komawa gida. Ni da na shekara biyu ina neman gurbin nan!

Mai keken da ya ɗauke ni ya dubi hijabina ta madubi, ya ce, "Unguwar Boro? Ke?" A nan na gane unguwar Kiristoci ce.

Mama Janet doguwa ce mai ɗingishi, ko gaisuwa take yi sai ka rantse faɗa ne. Ta ba ni ɗaki, ta ba ni sabuwar buta. Matsalata ɗaya, nama. Kusan kullum da kaza a miya, kuma ni ake zuba wa cinya. To wa ya yanka? Da sunan wa? Wallahi na kasa tambaya. Ta yaya zan dubi matar da ta ba ni wurin kwana in ce ina shakkar tukunyarta? Sai na ɓullo da dabara, dabarar banza: in ci gefen shinkafar da miya ba ta taɓa ba, in ƙulle naman a leda, da safe in jefa a bola kan hanyar makaranta.

Asabar da Lahadi babu makaranta, ledar ta kwana biyu a ƙarƙashin gado.

Safiyar Litinin, ranar mayar da fom, na fito daga wanka na tarar da ita a ɗakina da tsintsiya. Jerin kiyashi ta biyo tun daga bakin ƙofa. Ledar tana hannunta, a buɗe.

"Zainab, mene ne wannan?"

Na ce, "Naman miya ne, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Mama."

Na jira ihu, ba ta yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ɗauki fom ɗin daga kan tebur ta cusa a jaka, ta ce, "Sa hijabinki."

A cikin keke ko kallona ba ta yi. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan gaya wa babana idan ya gan ni da akwati bayan sati biyu. Sai na ga mun wuce kwanar makaranta. Muka yi ta tafiya har muka shiga Unguwar Mu'azu, cikin wani layi mai cunkoso. Ta sauka da ƙyar, ledar na hannunta, ta tsaya gaban teburin wani dattijon mahauci.

"A'a, Mama Janet, yau ba kaza?" in ji shi.

"Malam Mustapha, ga baƙuwar. Gaya mata wa yake yanka abin da take zubarwa."

Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ajiye wuƙarsa. "'Yata, da hannun nan nake yankawa, da bisimilla. Duk bayan kwana uku take ɗauko kaza da ranta tun daga Unguwar Boro, da ƙafar nan tata. Mu da muka fi shekara ashirin ko ƙeyarta ba mu gani ba, tun rikicin da ya tashe su daga layin nan. Ranan sai ga ta, wai za ta yi baƙuwa Musulma."

"Shi kaɗai na sani wanda zan iya rantsewa da yankansa," in ji ta.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a gaban mutane, na ce, "Mama, ki yafe mini."

"Tashi, kina tara mini jama'a. Ba ki da baki ne? Tambaya ɗaya fa!"

Ta fito da fom ɗin, ta shimfiɗa a gefen teburin inda babu jini, ta sa hannu.

"Karatunki ba zai lalace a hannuna ba. Amma daga yau ke za ki riƙa kawo kazar." Ta nuna wani gida mai koriyar ƙofa a tsallaken layin da haɓa, ba tare da ta juya ba. "A can na haifi 'ya'yana duka. Na gaji da wucewa ta gabansa."

Muka koma neman keke, ta bi ta dogon layi don kauce wa gidan, ni kuma na bi bayanta riƙe da fom.